Dala Tamanin

Wani dare cikin watan Oktoba na shekarar 1985, na idar da sallar isha'i ke nan sai na ji wani sauti daga bangon da ya raba ɗakina da na Daouda. Ƙas, ƙas, ƙas, sai kuma gurrr, kamar an riƙe zabo a wuya. Na san ƙarar kekensa na ɗinki, wannan ba ita ba ce. Na saurara har sau bakwai, sannan na sa takalmi na je na buga masa ƙofa.

Injin lissafi ne, tsoho, baƙi, mai hannu a gefe kamar na injin markaɗe. A kasuwar tsofaffin kaya ya sayo shi. In an danna lambobi aka ja hannun, sai ya tofo siririyar takarda. Na tsaya ina kallon takardar nan tana murɗewa a ƙasa har na manta ban yi sallama ba.

"Baba Zailani, zauna," in ji Daouda. "Dama kai nake nema. Uwar Biba ta kai ni kotu."

Daouda mutumin Maraɗi ne, yana aiki a wata masana'antar sinadarai a nan Saint-Fons, gefen Lyon, inda muke zaune. Shekara uku da suka wuce suka rabu da matarsa Raliatou, ta koma Paris da 'yarsu Biba. A lokacin aikin rabin yini yake yi, shi ya sa alƙali ya yanke masa faran ɗari huɗu a wata na ciyar da yarinya. Bai taɓa fashin biya ba. Yanzu Biba ta kai shekara tara, tana cin abinci a makaranta, ga tabarau da likita ya rubuta mata, Raliatou ta rubuta wa kotu tana neman a mai da kuɗin ɗari tara. Ta kuma faɗa musu cewa Daouda tela ne, yana ɗinki Asabar da Lahadi.

"Ɗari biyar za a ƙara mini," ya ce, yana nuna ni da yatsa kamar ni na ƙara. "Ɗari biyar ɗin nan ita nake ajiyewa duk wata. Ka san shagon Villeurbanne, kusa da ɗakunan ɗalibai, wanda nake so in kama in yi ɗinki a ciki? Mai shi ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen shekara mai zuwa. In suka ɗauke ta, babu shago, a bakin tukunyar sinadari zan tsufa."

Takardar kotun ta ce a kawo shaidar duk abin da ke shigowa hannunsa: takardun albashi na wata goma sha biyu, da rasit na haya, da lissafin ɗinki. Na albashi ba wuya, suna cikin wani gwangwanin biskit. Na ɗinkin ne matsala, don Daouda da ajami yake rubuta littafinsa, Bature kuwa ba ya karanta ajami. Ni na yi aji uku a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, hannuna kuma yana da kyau, ina yi wa lambar bakwai ɗamara a tsakiya yadda malaminmu ya koya mana. Kwana huɗu na yi ina kwafe littafin cikin rubutun boko. Gyaran wando, huɗu. Rigar mata, ashirin. Babbar riga mai aiki, tamanin. Injin ya haɗa, ya ba mu kusan ɗari uku a wata.

Ranar shari'a muka hau jirgin ƙasan nan mai ruwan lemo, wanda ke kai mutum Paris cikin awa biyu. Ni dai shanu nake kallo ta taga. Farare ne tas, kuma ko ɗaya ba ta ɗaga kai ta dube mu ba. Daouda ya tafi sayo mana kofi, ya dawo yana masifa.

"Dala biyu, Baba! Ruwan zafi cikin kofin roba, dala biyu!"

Kofin ya tsaya mini a hannu. Mu mutanen Nijar ba mu ƙirga kuɗi da faran, da dala muke ƙirgawa, dala guda kuwa faran biyar ce. Haka muka taso, haka muka zo da abin Faransa a bakinmu. Masu kawo wa Daouda ɗinki duk namu ne, da dala suke ciniki.

"Daouda," na ce, "littafin nan naka, da me ka rubuta shi?"

"Da biro."

"Ba wannan ba. Tamanin ɗin babbar riga, tamanin ɗin me?"

"Dala mana. Da me kake so…"

Ni kuwa a saman kowane shafi na rubuta faran, har na ja layi a ƙarƙashi da rula. Ɗinkin da ke kawo masa dubu ɗaya da ɗari biyar a wata, na mai da shi ɗari uku.

Ya daɗe yana kallon kofinsa. Can ya ce, "Ni ban yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. An riga an aika takarda. Ka bar ta yadda take."

Na koma ga shanuna, amma sun ƙare, sai gidaje.

Ba babban zauren shari'a aka kai mu ba, wani ofis ne ƙarami mai tebur guda. Alƙaliyar mace ce mai furfura, fensirinta duk ta tattaune gindinsa. An bar ni na shiga a matsayin tafinta, don Faransancin Daouda na masana'anta ne, ya fi ƙarfi wajen zagi. Raliatou na zaune da baƙar jaka a cinya. Ta russuna ta gaishe ni, "Baba, an zo lafiya? Ya ƙafar?" Sannan ta ce, "Baban Biba, ina kwana," ba tare da ta dube shi ba.

Alƙaliya ta fara lissafi a fili, ina juyawa da Hausa. Ta ce ba a duba albashin wata guda, don wani watan da aikin dare, wani babu. Ta haɗa na shekara duka, da ladan aikin dare, da kuɗin nan da suke kira wata na goma sha uku, ta raba gida goma sha biyu: dubu biyar da ɗari biyu. Ta cire haya. Ta juyo kan Raliatou, wadda ke aikin girki a wata makaranta, ta yi mata irin haka, har da ɗan abin da gwamnati ke ba ta. Ta ce yaro na iyaye biyu ne, kowa da gwargwadon ƙarfinsa. Abin ya burge ni, ban taɓa ganin an auna mutum haka ba tare da an taɓa shi ba.

Sai ta ɗauko shafukana. Ta yaba rubutun. Raliatou ma an ba ta kwafi, na ga idonta ya sauka kan tamanin ɗin, ya tsaya. Shekara shida tana karɓar masa kuɗin ɗinki, ta san farashinsa sarai. Ta kife takardar a kan jakarta.

"Wannan babbar rigar," in ji alƙaliya, "kwana nawa take ɗauka?"

Daouda ya ce Asabar da Lahadi uku.

"Kwana shida, a faran tamanin?" Ta girgiza kai cikin tausayi. "Malam, wannan ai ba sana'a ba ce, abin ɗebe kewa ne. Ba zan ma sa shi cikin lissafi ba. Ina ganin ɗari shida ya isa."

Ɗari shida. Shago ya tsira. Na juya masa maganar kalma kalma, ko da yake na ga ya riga ya ji, don jijiyar wuyansa ta tashi.

Raliatou ta gyara jakarta, ta ce a hankali, da Hausa, "Ashe wasa kake yi da keken, Baban Biba."

Daouda ya miƙe tsaye.

"Baba, gaya mata," ya ce. "Gaya mata ubana tela ne, kakana tela ne. Gaya mata daga Marseille ake aiko mini da shadda. Rigar da ke jikinka wa ya ɗinka? Tashi ta gani!"

Na tashi. Alƙaliya ta sa tabarau ta dubi aikin wuyan rigata, har ta ce in juya.

"Gaya mata tamanin ɗin nan dala ce," in ji Daouda. "Ba faran ba. Ta ninka sau biyar. Duka shafukan, ta ninka su sau biyar."

Na yi bayanin dala da iyakar Faransancina, na ce kuskuren nawa ne. Ta sa na maimaita kalmar, ta rubuta ta a gefen takarda. Ta tambayi Daouda ko ya gane abin da wannan zai jawo masa, ta ƙara da cewa masu haraji ma ya kamata su ji labari. Ya ce ya gane. Fensirin ya yi aiki ɗan lokaci. Ta ce ɗari tara, daga watan gobe, takarda za ta same shi a gida.

A baranda Raliatou ta tsaya tana ɗaura gyale.

"Biba ba ta da rigar salla," ta ce.

"Aiko mini da awonta."

"Ta yi tsawo fa. Ta kusa kafaɗata."

"Na ce ki aiko da awo. Ni ba na ɗinki da ka."

Muka dawo Lyon da la'asar. A hanya bai ambaci shago ba, ni ma ban ambata ba. Ya zauna ƙafa kan ƙafa, ya sake sayo mana kofi, bai yi masifa ba. Daga tasha har gida yana gabana, kai a sama, da ƙyar nake cim masa.

A matakala muka haɗu da maƙwabcinmu Nouhou, direban babbar mota, yana saukowa da kwandon shara. Ya dubi Daouda, ya dube ni, ya sake duban Daouda.

"Sannunku da hanya," ya ce. "To, wa ya ci shari'ar?"