Sulallan Rum a Kwano Ɗaya

Shekara uku Najiba na shagon kayan tarihi a unguwar Al Ras, can ƙasar Larabawa, da digirinta daga Zariya, amma mai shagon, wani Balarabe mai saurin fushi, shayi kawai yake sa ta dafawa. Ba ta taɓa roƙonsa ya duba takardunta ba.

Ran wata Asabar ta iso da safe ta tarar da Inna Hannatou, mai shara 'yar Maraɗi, zaune tana murmushi. Ta juye tire uku na tsoffin sulallan Rum a kwano ɗaya don ta kakkaɓe ƙura, har ta goge biyar da toka da lemun tsami, yadda ake wa tasa a gida. Koren tsatsar da masu saye ke nema ya tafi. Bizar Inna a hannun maigidan take, kuma zai shigo bayan la'asar.

Najiba ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta ce Inna ta riƙa miƙo mata ɗaya-ɗaya. A ƙasan bayan kowane sule akwai ƙananan haruffa: ALE na Iskandariya, SMAN na Antakiya, CONS na Ƙusɗanɗiniya. Harafin ƙarshe kuma shi ke nuna ɗakin ƙirar da ya buga shi, harafin alfa ɗaki na farko, gamma na uku. Inna ta ce ashe su ma maƙeran Rum unguwa-unguwa suke, kamar na Maraɗi. Sule ɗari da arba'in Najiba ta mayar gurbinsu, wuyanta ya ƙage, idonta na ruwa.

Biyar ɗin nan dai ba su ɓoyuwa, sai walƙiya suke. Maigida na ganinsu ya nuna wa Inna ƙofa, ya ce khalas, aikinta ya ƙare.

"Da safe duk a kwano ɗaya suke," in ji Najiba. "Ni na raba su. Bakwai ma da can ka rubuta musu garin da ba nasu ba. In ta fita, tare za mu fita."

Ya karɓi gilashin, ya daɗe sunkuye kan tiren Antakiya. Da ya ɗago bai kalli kowa ba, ya ce a kwashe tokar nan daga shagonsa.

Inna ta ɗauki tsintsiya. "Ɗiyata, gobe in zo?"

"Ki zo, Inna. Tiren dai ki bar mini."