Sharar da Ba a Share Ba

Su huɗu ne a ƙungiyar, kuma ba su da kamfani ko uban gida. Dogo ke kaɗa jita, Tabarau tana kan fiyano, Guduma yana dukan ganguna kamar sun yi masa laifi, Auta kuma shi ke rubuta waƙa ya rera. A wani tsohon gareji suke atisaye, inda suka manna kwalayen ƙwai a bango don kada maƙwabta su kai ƙara. Maƙwabtan sun kai duk da haka.

Suna da wata hanyar aiki da suke kira shara. Idan Dogo ya samo sabon kiɗa, Auta ba ya tsayawa neman kalmomi masu ma'ana, duk abin da ya zo bakinsa shi yake zubawa a kai, ko sunan sabulu ne, har karin ya zauna. Daga baya sai ya tafi da littafinsa ya share sharar, ya sa baitoci na gaskiya.

To, wata rana da la'asar kiɗa ya yi daɗi, bakin Auta kuma babu komai. A cikin makon ne ya yi fushi ya bar gida, yana zaune a ɗakin Dogo, don an ce masa waƙa ba sana'a ba ce. Da safiyar ranar yayansa ya turo masa saƙon murya. Yaya mai gyaran wutar lantarki ne, shi ya riƙe Auta tun rasuwar mahaifinsu, kuma yana da in'ina tun yana ƙarami. Saƙon gajere ne: "Da-da-dawo gida, Auta. Ba wanda zai yi maka faɗa."

Shi ne fa ɗan banzan yaron nan ya kama makirfo, ya kwaikwayi muryar yayansa har da yadda haɓarsa ke rawa, ya rera: "Da-da-dawo gida!"

Guduma ya buga ganga sau uku daidai kan da-da-da ɗin. Tabarau ta ɗaga hannu daga fiyano ta ce, "Kai! Maimaita min wannan!"

Ba wanda ya san daga ina ya samo shi, don Auta bai taɓa kawo su gida ba. Su a ganinsu salo ne. Da ya zo washegari da baitocin da ya gyara, Tabarau ta karanta ta miƙa masa littafinsa.

"Ka gyara ko'ina, amma amshin nan kada ka taɓa min shi. Wannan sharar ta fi kayan ɗakin kyau."

Nan ne ya kamata ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Bai faɗa ba, wallahi, don yabon ya yi masa daɗi. Suka ɗauki guntun bidiyo suka saka a intanet, kafin mako biyu har mai gadin layinsu yana da-da-dawo gida idan zai buɗe ƙofa. Albarkacin wannan amshin ne mai wani zaure da ke saman shagon kujeru ya ba su ranar Asabar, wasansu na farko a gaban jama'a da sunansu a jikin fosta.

Auta ya koma gida tuni, sun shirya da Yaya. Suna cin abinci a kwano ɗaya, amma loma ba ta wuce masa da daɗi. Abu ɗaya yake roƙo, kada Yaya ya ji waƙar. Yaya ba ya kallon bidiyo a waya, ba ya zuwa wajen wasa, saboda haka Auta ya riƙa lallashin kansa cewa Asabar za ta zo ta wuce lafiya.

Ranar Juma'a da hantsi suka hau zauren don gwada sauti. Kujerun roba na jibge a kusurwa, fanka ɗaya tana juyawa tana ƙara, wayoyi sun bazu a ƙasa. Mai zauren ya tare su da fara'a.

"Fitilun dandamali sun ƙi kamawa, amma na kira mai gyara, ga shi can."

Auta ya ɗaga kai. A saman tsani, da abin gwada wuta a bayan kunne da jakar kayan aiki a kafaɗa, Yaya ne. Yaya ya leƙo ƙasa ya yi murmushi, ya ɗaga masa hannu, irin na wanda ya ji daɗin ganin ƙaninsa a wurin aikinsa.

"Mu fara da waƙa ta biyu," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta biyun me?" in ji Guduma. "Mutane don da-da-da za su zo, malam. Ɗaya, biyu!"

Kiɗa ya tashi. Auta ya rera baitin farko yana kallon takalminsa. Da aka zo amshi sai ya ja baya daga makirfo ya yi kamar tari ya sarƙe shi. Ina amfani! Tabarau da Dogo suka ɗauka a madadinsa, da ƙarfinsu, lasifika huɗu suna tayawa, Guduma yana sara ganga sau uku. Dogo har da rawar haɓa, yadda ya ga Auta yana yi, don shi a zatonsa cikin salon ne.

Auta bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ya saci kallon tsani. Hannun Yaya ya tsaya cak a jikin fitilar, ya daɗe a haka, sannan ya ci gaba da ɗaure wayarsa. Kafin waƙar ta ƙare fitilun suka kama gaba ɗaya, suka haske Auta fes a tsakiyar dandamali.

Yaya ya sauko, ya naɗe ragowar waya a gwiwar hannu, ya yi sallama da mai zauren. Auta ya ajiye makirfo ya bi shi, ya cim masa a kan matakala.

"Yaya."

Yaya ya juyo. Babu fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi duka ciwo.

"Yaya, zan cire ta. Wallahi gobe ba za mu yi ta ba. Wasa ne ya..."

"Ka-kada ka cire," in ji Yaya. "Abokanka sun sha wahala a kanta. Tana da da-daɗi."

Ya gyara jakar a kafaɗarsa, ya sauka taki biyu, sai kuma ya tsaya. Haɓarsa ta yi rawa kafin maganar ta fito, Auta kuma ya tsaya yana jira, abin da ya daɗe bai yi masa ba.

"Saƙon nan, sau go-goma sha ɗaya na ɗauka ina gogewa. Ba na so ka ji kunyata idan kana tare da mutane. Wanda na tu-turo maka shi ne wanda ya fi fita."

Ya sauka ya bi ta tsakanin kujerun shagon ya fice titi.

Daga sama Guduma ya ƙwala kira, "Auta! Ina ka shige ne? Daga amshi za mu ɗauko!"

Auta ya zauna a kan matakalar, ya rufe fuskarsa da hannu biyu.