Silinda Shida a Kwantenata

"Ban saya ba, Madam. Sau nawa zan faɗa?"

"Ni ban tambaye ka ko ka saya ba." Madam Elizabeth ta buga biro a kan fayil. Ita ce jami'ar da ke riƙe da maganata a hukumar da ke sa ido kan sinadarai. "Sunan wa ke jikin takardar jirgin ruwa?"

"Nawa."

"Rilwanu Yelwa. To kai ka shigo da su."

"Ni ko Legas ban taɓa zuwa ba."

"Doka ba ruwanta da inda ƙafarka ta taka. Wanda kaya suka ƙetaro iyaka da sunansa, shi ne mai shigowa da su. Saye ne, kyauta ce, gado ne, duk ɗaya."

Zuwana na huɗu ke nan.

Gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya ciki, nake yi a Apo. Kwantena ɗaya gare ni, rabinta shago, rabinta wurin ajiyar kayan aiki. Yayana Nazeer yana Turai, lodin motoci yake yi a tashar jiragen ruwa. Wata uku da suka wuce ya turo tsohuwar mota da sunana, don in riƙa kai Mama asibiti. A but ɗin, ƙarƙashin tsofaffin barguna, ya cusa silinda shida na gas ɗin esi. Tsaraba, in ji shi. Bai san irin wanda aka hana ba ne. Ni ma da na gani murna na yi.

Ranar da jami'ai suka zo zagaye, a fili suka same su, ban ɓoye ba. Suka ɗora kowace a sikeli, suka rubuta nauyinta. Suka ja ƙofar kwantenar, suka zura waya, suka danne da hatimi. Na sa hannu cewa kayan suna hannuna amana, ba za su ragu ba. Injin zuƙe iska, gejina, sifanoni, duk suna ciki. Kwana goma sha tara ban taɓa mota ba.

"To ku kwashe," na ce mata. "Na bar muku."

"Ba mu da ma'ajiyar irin wannan a nan."

"In mayar masa."

Ta cire tabarau. "Wannan fitarwa ke nan. Duk abin da ya bar ƙasar nan an fitar da shi, ko da komawa ya yi inda ya fito. Sai da izini. Izinin kuma kamfani mai rajista ake ba wa. Kana da kamfani?"

"Kwantena gare ni."

"Ko da kana da shi, sai ƙasar can ta rubuto ta ce ta yarda ta karɓa. Su da suka hana shi tun kana firamare."

"Ke nan shigowa laifi, fita laifi."

"Zama ma ba daidai ba ne," ta ce, ba ta ko yi dariya ba. "Na tura fayil ɗinka sama. Oga Nababa, mai sa hannu, ya tafi taro. Ka dawo Litinin."

Na hau bas na koma Apo. Ban san me ya sa nake komawa kullum ba. Zama nake yi a kan taya, ina kallon ƙofata. Masu motocin da na saba da su sukan tsaya, su ga hatimi, su wuce gaba wajen Kingsley, wani mai gyaran esin.

Edward mai bugun bodi, maƙwabcina, ya miƙo mini ruwan leda.

"Importa! Babban importa! Yaya ofis?"

"Bari, Edo."

"Ni na gaya maka tun farko. Wannan waya, filaya ɗaya ta gama da ita. Ka ɗauko kayan aikinka, mu mayar. Wa zai sani?"

"Hatimin yana da lamba."

"Lamba! Madam ɗin nan za ta bar esi ta zo rana ta duba lamba?"

Ni dai na san irin sa'ata.

Litinin na yi sammako, na biya Apo kafin ofis. Ba a tada janareto ko ɗaya ba tukuna. Na jingina da ƙofar kwantenar ina ɗaure takalmi, sai na ji shi. Siriri, kamar maciji a cikin ciyawa. Shekara bakwai ina farautar wannan sautin a motocin mutane, ba zan ɓata shi ba. Na kwanta a ƙasa, na kai kunne wajen ramin da tsatsa ta ci. Ɗaya daga cikin silinda shidan tana yoyo ta bawul. Rana ta dafa ƙarfen kwana da kwanaki, roba ta saki.

Aikin minti biyu ne. Sifana mai lamba sha huɗu tana rataye a bayan ƙofar, taku ɗaya daga inda nake kwance.

Edward ya iso ya same ni a ƙasa. Ya saurara, ya miƙe. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya zaro filaya daga aljihu ya ajiye a gabana. Na daɗe ina kallonta. Sannan na tashi na kaɗe wando, na nufi titi.

Ƙarfe tara ina gaban Madam Elizabeth. Oga Nababa ya dawo, yana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne. Na faɗa musu abin da na ji.

"Kar ka taɓa hatimin," in ji Madam da sauri. "Karya shi laifi ne mai zaman kansa."

"To a turo wani ya buɗe."

"Sai an rubuta, an sa hannu. Motar fita kuma tana gareji. Wataƙila Alhamis."

"Kafin Alhamis babu komai a cikinta."

Ta buɗe fayil, ta duba shafin da na sa wa hannu, inda aka jera nauyi shida. Ta rufe a hankali.

"In an auna aka ga ya ragu," ta ce, "abin da takarda za ta nuna shi ne ka sayar."

Na dubi Oga Nababa. Ya sauke wayar.

"Ranka ya daɗe," na ce, "in buɗe ko in bari?"

Ya dubi Madam. Ita kuma tana gyara fayil ɗin da ba abin da ya same shi.