Sunan da Ke Jikin Dala

A zamanin da ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗi take haɗuwa ran Asabar a zauren coci a garin Cairns, ni da Clarrie ba mu taɓa shan shayi ba tare da mun yi musu ba. Ni sulalla da kwabbai nake tarawa, irin waɗanda masoya a can da suke goge wa fuska ɗaya su zana suna ko zuciya. Shi kuwa dalolin azurfa ne nasa, waɗanda 'yan canjin Sin suka bubbuga wa hatimi don shaidar cewa ba jabu ba ne. Yakan ce nawa an kashe su an yi musu kwalliya, nasa kuma tabon aiki ne a jikinsu. Ni kuma in ce nasa kamar masu agana. Ina kewar bakin mutumin nan har yau, duk da bai iya sassauta magana ba. In ka kawo masa jabu, a gaban kowa zai faɗa maka.

Wata Asabar da rana sai ga wata mata, Glenys, da dala a cikin hankici, an huda ta an sa zare. Ta ce mahaifiyarta Ivy tana cikin mota a waje, ƙafa ta hana ta hawa matakala. Mahaifin Ivy Basine ne mai gonar ayaba, ya koma ƙasar Sin tun tana goye, bai dawo ba. Kowa Jimmy yake ce masa, sunansa na gaskiya ba wanda ya riƙe. Dalar nan kaɗai ya bari, kuma a gidansu an tashi da cewa alamar da ke kusa da wuyan mikiyar da aka zana a jikin dalar sunansa ce. Tsohuwar ta haura tamanin, tana so ta ji yadda ake kiran sunan ubanta.

Clarrie ya ɗauki madubinsa mai ƙara girman abu ya duba. Sai na ga ya ɗora tafin hannu a kan farantin dalolinsa. Na san farantin nan kamar kicin ɗina, akwai wata dala a ciki mai wannan alamar sak. Hatimin wani shagon canji ne, ba sunan kowa ba.

Glenys ma ta lura. Ta ce ya ɗaga hannun, ya ɗaga. Ta daɗe tana kallon dalolin biyu, har shayinta ya huce. Ya yi mata bayani a hankali, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"To me zan je in ce wa Mama?" in ji ta.

Na ja shi gefe na ce ya rufa wa tsohuwa asiri, kalma ɗaya ce ba za ta kashe shi ba.

"Merle, kin san ban taɓa yi wa kuɗi ƙarya ba," ya ce. "Ke ce gwanar tatsuniyar soyayya, je ki."

"Tsohon banza, ni na iya karanta rubutun Sin?"

Ya yi tsaki, ya ɗauki hularsa, muka bi shi zuwa mota. Ni dai na san halinsa.

Ivy 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta sa rigar zuwa coci, har da hoda. Clarrie ya cire hula ya sunkuya a bakin taga, ya fara cewa, "Uwargida, wannan alamar dai..." Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ce ita ba dogon bayani ta zo ji ba, kunnenta ma ba ya ɗauka, ya dai faɗa mata yadda ake furta ta.

Ya dubi dalar, ya dube ni, sannan ya karanta hatimin yadda yake, ya ce, "Cheong."

Ta sa shi ya maimaita da ƙarfi, ya maimaita. Ta gwada, harshenta ya karye, ya gyara mata, ta sake. Glenys ta juya mana baya tana neman makulli a jakarta, alhali yana hannunta.

Tsohuwar ta karɓi dalar ta mayar wuyanta, ta danne ta da yatsa.

"Cheong," ta ce. "Sannu, Baba."