Ƙwayar da Idrisu Ya Ba Ƙanensa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda ya ƙagi jiki, ya san abin da ke gudana a kowace jijiya. Tsira da aminci ga Manzonsa.

Alhaji Idrisu mai sayar da yadi ne a Zongon Parakou. Shekara uku yana shan wata farar ƙwaya da lokotoro, wato likita, ya rubuta masa saboda bugun zuciya, kuma ta karɓe shi. Ƙanensa Zakari yana zaune a Djougou, a gidan kakanninsu fataken goro. Tun yarinta yake fama da asma, ba ya fita sai da abin shaƙarsa a aljihu.

Wata Laraba Zakari ya zo Parakou sunan jikan Idrisu. Da aka watse, ya dafe ƙirji ya ce, "Yaya, kwanan nan zuciyata dukan uku-uku take yi."

Idrisu ya yi dariya. "Kai da kake kirana tsoho, ashe ka biyo ni. Miƙo hannu."

A gidansu, abin da ya amfani babba ba a hana wa ƙarami, ƙarami kuma ba ya mayar da kyautar babba. Idrisu ya ɓallo masa rabin katin maganin. Zakari ya yi bisimilla, ya haɗiye biyu, ya shiga motar Djougou.

Sun kusa gari numfashinsa ya sarƙe. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ƙirjin bai buɗe ba. Direba ya nufi asibiti da shi, amma rai ya yi halinsa kafin la'asar.

Bayan jana'iza aka ba Adawiyya, 'yar Idrisu mai aiki a kantin magani, kayan aljihun mamacin ta adana. Ta ga katin, ta sami mahaifinta a zaure.

"Baba, wa ya ba Baba Zakari wannan?"

"Ni ne. Me ya faru?"

Ta durƙusa a gabansa. Sannan ta ce, "Kowane magani yana da masaukinsa a jiki, sai ya sauka a nan yake aiki. Naka yana tare wani masauki a zuciya don ta lafa. Akwai irin masaukin a huhu, kuma nan abin shaƙarsa yake sauka ya buɗe hanyar iska. Da ya shaƙa, ya tarar an riga shi."

Idrisu ya dubi tafin hannunsa. "Wato ni na rufe masa ƙofa."

"Ba ka sani ba, Baba. Kuma babu wanda ya gani sai ni."

"Allah ya gani."

Ranar sadakar uku, bayan malamai sun shafa fatiha, Idrisu ya miƙe a gaban matar Zakari da 'ya'yansa da jama'ar unguwa. Ya ce ajali na Allah ne, amma sanadi ta hannunsa ya biyo. Ya faɗi yadda aka yi, ya nemi gafararsu. Babban ɗan Zakari ya sunkuyar da kai, bai amsa ba a ranar.

Ya Allah ka jiƙan Zakari, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zuciyar ɗan'uwansa. Mai karanta wannan kuma, Allah ya tsare hannunsa daga cutar da wanda yake ƙauna. Amin.