Shayin da Muktari Bai Sha Ba

Raƙiya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ranar da ta haifi ɗanta na fari ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mu Muktari muke kiransa. Ita kuwa "yaron nan" take cewa, har ya yi gemu. Haka ta tarar iyayenmu suna yi da ɗan fari, haka ta riƙe.

Muktari ya tafi Libiya neman aiki, kamar yadda samarin yankinmu na Adar suka saba. Da farko yana kira, daga baya kiran ya ɗauke. Wasu da suka dawo suka ce sun gan shi a Sabha, wasu suka ce ya hau mota zuwa bakin teku. Ba gawa, ba labari. Matarsa Shamsiya ta zauna a garinmu Affala tare da uwarsa, tana jira, har shekarun da malamai ke cewa mace ta jira suka cika suka wuce. Danginta suka ce a je wurin alƙali a sauwaƙe mata, don akwai mai nemanta, Bashir mai sayar da awaki, mutum mai hankali. Amma Shamsiya ta ce ba za ta taka ƙofar alƙali ba sai Raƙiya ta yarda da bakinta. A hannun Raƙiya ta tashi tun tana ƙarama, ba ta san wata uwa ba.

Raƙiya ta kusa yarda. Sai ciwon gwiwa ya kawo ta birnin Tawa ganin likita, ta sauka gidan ɗanta na biyu, Alƙasum, Shamsiya na biye da ita tana jinyarta. Ni ma a unguwar nake, kullum da hantsi ina leƙa su.

Telen Alƙasum, wato talabijin ɗinsa, ba irin wadda muka sani ba ce. Tamu ta Affala, a zamanin da, guda ɗaya ce ga gari duka, tana da lokacin buɗewa da lokacin rufewa. In ana kokowa aka ka da ɗan Tawa, kukan da muka yi a Affala shi ake yi can garin Tebaram a wannan numfashi. Abin da ka gani yanzu ake yin sa, in ka makara ya wuce ka har abada. Ta Alƙasum kuwa ba ta da eriya, ba ta san safe ba, ba ta san yamma ba. Ana yi wa ɗan abin da ke hannu magana, sai ta kawo abin da aka ce. Ni sai na ga kamar tsohuwar rijiya ce, duk abin da ya taɓa faɗawa ciki yana nan ƙasa yana jiran guga.

Wata rana, don ya ɗebe wa uwarsa kewa, Alƙasum ya ce wa abin: "Ƴan Tawa a Libiya." Sai ga wasu maza a ƙarƙashin rumfar kwano, suna dafa shayi, suna gaida gida ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda ga Muktari zaune da shuɗiyar riga. Ya ɗaga ɗan kofin shayi, ya yi dariya, kafin kofin ya kai baki mai ɗaukar hoton ya juya wani wuri.

Raƙiya ta miƙe ba sanda, ita da sai an tallafa mata.

"Ga shi nan! Yaron nan na raye! Shamsiya, taho ki gani!"

Alƙasum ya ce, "Inna, tsohon hoto ne. An daɗe da ɗaukar shi, ajiye shi kawai aka yi."

"Rufe mini baki. Na riga ka ganin tele, tun ba a san za a haife ka ba. Wa ya taɓa ajiye mutum shina dariya?"

"Wallahi Inna, ko gobe kika so, haka za ki gan shi."

"To ai shi ke nan. Mai rai ne ake gani yau a gani gobe."

Shamsiya ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta koma wurin tukunyarta. A ranar Raƙiya ta ce kada wanda ya ƙara yi mata zancen alƙali. Mutanen Bashir kuwa sun riga sun aiko cewa in aka gama girbi ba su ji komai ba, za su duba wani gida. Hatsi ya riga ya fara kai.

Daga nan Raƙiya ta samu aiki. Da ta karya kumallo sai ta ce, "Alƙasum, kira mini shi." A kawo rumfar, a kawo mazan. Ta gaishe shi, ta tambaye shi gajiya, ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. In ya wuce ta ce a sake. Shamsiya na shiga tana fita, tana shafa mata magani a gwiwa, ba ta ɗaga ido.

Ni kuma da na gaji da kallon fuskoki sai na koma kallon gefe. Na lura da wata baƙar leda da iska ke ɗauka a bayan rumfar. Duk sa'ar da Muktari ya ɗaga kofi, sai ledar ta tashi, ta juya sau ɗaya, ta maƙale a waya. Na yi kwanaki ina jiran ranar da za ta kuɓuce. Na nuna wa Raƙiya.

"Yaya Illa, kai dai ba ka girma," in ji ta. "Ana kallon mutum, kai kana kallon leda."

Bin ledar nan ne ya kai idona can ƙuryar rumfar, inda wani ke durƙushe yana fifita gawayi da guntun kwali. Kansa na sunkuye, sai dab da ƙarshe yake ɗagowa ya ce wani abu, a yi dariya. Yana da wushirya, da tabo a gira. Na ce Alƙasum ya tsai da hoton a nan, ya tsai da shi, duk mazan suka daskare da baki buɗe.

Na ce, "Raƙiya, wane ne mai fifita wuta?"

Ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin.

"Ai Sadiƙu ne, ɗan Kaltumi ta Tebaram. Ji shi da wushiryar ubanshi."

Ta faɗa da murmushi, sai murmushin ya tsaya. Sadiƙu ya dawo daga Libiya da tari, ya kwanta damina guda, ya rasu. Ni na bi gawarsa zuwa maƙabarta. An yi damina da yawa a kan kabarinsa.

"Ni na kai wa Kaltumi hatsi ranar sadaka," Raƙiya ta ce a hankali. "A kaina na ɗauka."

Ta koma ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Aka kira azahar a masallacin unguwa, ba ta motsa ba. Can ta ce a saki hoton. Sadiƙu ya ci gaba da fifita, leda ta tashi, Muktari ya ɗaga kofinsa.

"Ashe shi ya sa bai taɓa amsa mini ba," in ji ta. "Na ce ko kunya ce."

Ta kira Shamsiya. Yarinyar ta zo ta durƙusa.

"Ɗiyata, na tsare ki a kan inuwa. Gobe Illa shi raka ki wurin alƙali. A aika ma mutanen Bashir kada su duba wani gida."

"Inna, in don ni ne..."

"Don ke ne mana. Don wa za a yi?"

Shamsiya ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Raƙiya ta ɗora mata hannu, ta dubi telen, ta ce, "Allah shi jiƙan Muktari in ya riga mu. In shina duniya, Allah shi tsare shi inda yake."

Alƙasum ya dube ni, na dube shi. Sunan ya fito daga bakinta da nauyi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Alƙasum ya miƙa hannu zai kashe telen, ta ce ya dakata.

"Duk wanda ya mutu shina cikin abin nan?"

"A'a Inna, sai wanda aka ɗauka."

"Ubanku fa?"

"Ba a ɗauke shi ba."

Ta gyaɗa kai, ta nemi buta.

An ɗaura auren Shamsiya bayan ta gama idda, Raƙiya ce ta wanke ta da hannunta. Yanzu in ta zo Tawa ganin likita takan ce a kawo mata rumfar sau ɗaya. Ba ta gaishe shi, ba ta yi masa faɗa. Takan zauna tana kallo har Muktari ya ɗaga kofin, sannan ta ce a kashe.