Hannun Darakta

Wata bakwai Injiniya ta yi tana jiran ɗan allon lantarkin nan, kore, bai fi tafin hannu ba. Idan babu shi, na'urar wankin ƙoda ta uku a asibitin ba ta da maraba da kabad. Wata bakwai kuma ana ce wa wani tsohon tela mai ciwon ƙoda ya dawo jibi, har ƙafafunsa suka daina shiga takalmi.

Ran da allon ya iso, ta share teburi, ta ɗaura madaurin aiki a wuyan hannu, ta maƙala wayarsa a ƙarfen da ke sauke wuta ƙasa. Tana buɗe ledar mai ruwan azurfa sai ga Darakta da mai hoto. Tun daga ofishinsa yake jan takalmi a kan sabon kafet ɗin da ya sa aka shimfiɗa, a shekarar da aka ce asibiti ba shi da halin sayen allo.

"Miƙo nan mu ɗauki tarihi," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, sai ka ɗaura wannan tukuna."

Ya dubi madaurin kamar an miƙo masa mushe. "Kambu? Da digirina biyu zan ɗaura kambu?"

"Ba kambu ba ne. Ka san ɗan tsirit ɗin nan da ke jan mutum idan ya taɓa hannun ƙofa? Wuta ce ke taruwa a jiki. Wadda ko jin ta ba za ka yi ba ta isa ta kashe allon nan."

"Wato ni ne mai wuta a jiki."

"Kowa ma, ranka ya daɗe. Balle wanda ya tako kafet."

"Na wanke hannuna da sabulu," ya ce, da muryar wanda ya rufe bakin kimiyya. Ya miƙa hannu.

Kafin yatsun su sauka ta kai masa duka a bayan hannu, tas, irin wanda uwa ke yi wa mai ɗan hali a bakin tukunya. Mai hoto, wanda bai taɓa dacewa da lokaci ba tun da aka ɗauke shi aiki, ranar ya dace.

"Ni kika mara?"

"Hannunka dai. Kai ban isa ba. Wata bakwai! Ka taɓa shi ya mutu, gobe a rubuta cewa ni ce ban iya aiki ba, a ce wa tsohon can ya dawo jibi. Ga tsohon allon da ya ƙone, riƙe shi yadda kake so. A hoto duk ɗaya ne."

Abin mamaki, ya karɓa. Ya ma yi murmushi.

Kafin a tashi aiki na'ura ta kama. Amma takardar dakatar da Injiniya ta riga ta iso: sati biyu, saboda rashin ladabi. Aka kuma liƙa sanarwar hana ɗaura layu da kambuna a bakin aiki, daidai ƙarƙashin hoton Darakta riƙe da mataccen allo.

Washegari tela na kwance, na'ura na ta aikinta, ya tambayi nas, "Ina 'yata mai gyara?"

"An dakatar da ita, Baba. Hannun Darakta ta doke."

Tsohon ya daɗe yana kallon jininsa na zagayawa cikin tiyo.

"Ɗaya kawai?" ya ce.